Shagon Dabino a Madina da Neman Gurbi a Google: Nazarin Lamari kan Kalmomin Nema

Shagon da wannan nazari ya shafa mallakar wani iyali ne daga cikin Hausawan Madina, irin waɗanda kakanninsu suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Borno da Cadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya, sannan suka zauna a Hijaz har jikokinsu suka zama 'yan ƙasa masu ɗauke da laƙabin Hausawi. Sana'ar gidan ita ce sayar da dabino, kuma mafi yawan masu sayen alhazai ne da masu umra daga Nijeriya da Nijar da Ghana, waɗanda suka fi sakin jiki da wanda zai yi ciniki da su da Hausa. Mai shagon dattijo ne da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Mai taimaka masa ɗan ƙanwarsa ne, matashin da aka haifa a Madina, wanda ya yi karatunsa duka da Larabci, Hausarsa kuma ta gida ce da ta kasuwa.

A shekarun 2020 da 2021 annobar korona ta sa hukumomin Saudiyya suka taƙaita aikin hajji ga mazauna ƙasar kaɗai, shagunan da suka dogara ga baƙi kuwa suka ji jiki. Da aka sake buɗe ƙofa ga alhazan waje a 2022, dattijon ya lura da sauyi a halayyar masu saye: da yawansu suna isowa da waya a hannu, sun riga sun ga hoton dabinon da suke so, sun riga sun ji wani farashi, wasu ma sun riga sun yi alkawari da wani shago tun suna gida. Ke nan ana yanke shawarar ciniki tun kafin mutum ya sauka a filin jirgin saman Madina. Wannan ne ya sa ya amince ɗan ƙanwar tasa ya buɗe wa shagon shafi a intanet, ya riƙa rubuta maƙaloli da Hausa, da fatan duk wanda ya nemi bayanin dabino a Google daga Kano ko Maradi zai faɗo a kan shagonsu. Abin da ake nufi da kalmomin nema a wannan nazari shi ne kalmomin da mutum ke rubutawa a akwatin bincike, waɗanda marubuci ke ƙoƙarin ganowa domin ya gina maƙalarsa a kansu.

Abin da aka fara yi

Matashin ya gina shafin da manhajar WordPress, ya kuma bi wasu tsofaffin darussa da ya samu da Larabci, waɗanda ke koyar da cewa a zaɓi kalma guda, a maimaita ta a kowane sakin layi, a kuma cika ɓoyayyen gurbin nan na kalmomi da ke bayan shafi. Ya yi hakan da iyakar ƙoƙarinsa. Taken maƙalolin duk yabon shagon ne, irin su "Shagonmu na tumur masu daraja ta ɗaya a Madina Munawwara", kuma a cikin rubutun kalmomin kasuwar Madina ne suka yi rinjaye, wato "tumur" inda Bakano zai ce dabino, "jumla" inda zai ce sari, "shahan" inda zai ce aika kaya, "maɗar" inda zai ce filin jirgi. Wasu maƙalolin ma da Larabci ya fara rubuta su, sannan ya zuba su a Google Translate, wanda ya fara fassara Hausa tun a watan Disamban 2013, ya wallafa abin da ya fito ba tare da gyara ba. A ƙasan kowace maƙala kuma ya jera sunayen garuruwa: dabino Kano, dabino Kaduna, dabino Katsina, dabino Sakkwato, dabino Damagaram, dabino Kumasi, har layi da yawa.

Lokacin hajji guda ya zo ya wuce ba tare da wani mai saye ya ce ta shafin ya san shagon ba. Idan aka rubuta cikakken sunan shagon a Google, shafin yana fitowa, amma wanda ya san sunan ai ya riga ya san shagon.

Dalilin da ya sa bai yi aiki ba

Injin bincike yana aiki ne a matakai uku. Da farko manhajarsa tana kewaya shafuka tana bin mahaɗai daga wannan zuwa wancan, sannan ya adana abin da ya karanta a rumbunsa, sai kuma idan mutum ya yi tambaya ya jera shafukan da yake ganin sun fi amsa ta. Kalmomin da ke cikin shafi suna da tasiri a mataki na biyu da na uku, domin da su ne injin ke gane batun da shafin ke magana a kai. Sai dai yawan maimaita su ya daɗe da daina amfani. Tun a watan Satumban 2009 kamfanin Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da ɓoyayyen gurbin kalmomin nan wajen jera shafuka, saboda yadda aka mayar da shi wurin zuba shara. A 2011 ya fito da sauyin da aka sani da Panda, wanda ya rage darajar shafuka marasa nauyin bayani, a 2012 kuma ya biyo da Penguin, wanda ya sa ido a kan dabarun yaudara. Daga 2013, da zuwan sauyin da ake kira Hummingbird, sannan wanda ake kira BERT a 2019, injin ya ƙara karkata ga fahimtar ma'anar tambaya gaba ɗayanta maimakon ƙirga kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Jerin garuruwan da matashin ya liƙa a ƙasan maƙalolinsa kuwa yana cikin misalan da ƙa'idojin Google suka ambata ƙarara a matsayin cusa kalmomi. Darussan da ya bi sun tsufa da sama da shekara 10.

Duk da haka, a ganina cusa kalmomin shi ne ƙaramin laifin. Babban laifin shi ne maƙalolin suna faɗar abin da mai shago ke son faɗa, da harshen da mai shago ke magana da shi, alhali mai bincike yana da tasa tambayar da nasa harshen. Hajiyar da ke shirin umra daga Gusau ba za ta taɓa rubuta "tumur masu daraja ta ɗaya" ba, don haka ko da shafin ya zo na ɗaya a kan wannan jimla, na ɗaya ne a layin da babu kowa a cikinsa. Lamarin ya yi kama da mai tallan da ke ta nanata sunan hajarsa a kunnen mutumin da ya riga ya tsaya a gabansa yana tambayar farashi.

Inda aka samo kalmomin

Gyaran ya fara ne da haɗa shafin da Search Console, manhajar da Google ke ba masu shafuka kyauta, wadda ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta har shafin ya bayyana musu, da sau nawa ya bayyana, da sau nawa aka latsa shi, da matsakaicin gurbinsa a jeri, da ƙasashen da masu binciken suke, kuma tana ajiye wannan bayani na tsawon wata 16. Abin da ta nuna kaɗan ne, amma ya isa ya buɗe ido. Tambayoyin da suka bayyana gajeru ne, babu haruffa masu lanƙwasa a cikinsu, ana gauraya Hausa da Ingilishi a jimla guda, kuma kalma ɗaya tana zuwa da rubutu iri-iri: Madina da Madinah, Makka da Makkah, umra da umara da umrah. Ya kamata a san cewa manhajar tana ɓoye tambayoyin da mutane ƙalilan suka yi domin kare sirrinsu, kuma wannan ya fi shafar harshe irin Hausa, inda kusan kowace doguwar tambaya mutane ƙalilan ne ke yin ta.

Daga nan matashin ya gwada kayan aikin da masu wannan sana'a suka fi dogara a kansu. Keyword Planner, wanda ke cikin tsarin tallan Google, an yi shi ne domin masu biyan kuɗin talla, kuma da ya zuba masa jimlolin Hausa, mafi yawansu sun dawo babu adadi a gabansu. Google Trends, wanda ke auna sha'awar mutane a kan ma'auni daga 0 zuwa 100, ya iya nuna tashin kalmar "dabino" a Nijeriya a duk lokacin azumi, amma da zarar tambaya ta kai kalma huɗu sai ya ce bayanan ba su isa ba. A nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa babu masu bincike da Hausa, su koma rubutu da Ingilishi, inda za su yi gogayya da dubban shagunan dabino na Saudiyya da Daular Larabawa da Birtaniya da Malesiya. Wannan hukunci kuskure ne, domin gurbin da ya dawo babu adadi yana nuna gazawar ma'aunin ne kawai, kuma ƙarancin rubutun Hausa a intanet shi ne babbar damar ƙaramin shago: tambayoyi da yawa ba su da wanda ya amsa su ko sau ɗaya.

Hanyoyi biyu ne suka ba da abin da ake nema. Ta farko ita ce cikon da Google ke bayarwa idan mutum ya fara rubutu a akwatin bincike. Da yake wannan ciko yana bambanta gwargwadon inda mutum yake, abin da ke fitowa a wayar da ke Madina ba shi ne ke fitowa a Kano ba, don haka matashin ya roƙi wata yayarsa da ke aure a Kano ta riƙa rubuta farkon jimloli kamar "dabinon ajwa", "farashin dabino" da "tsarabar", tana ɗaukar hoton abin da ya biyo baya tana turo masa. Hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko albarka nesa ba kusa ba, ita ce wayar kawunsa. A WhatsApp ɗin dattijon akwai saƙonnin masu saye na shekaru, mafi yawansu na murya, kuma matashin ya zauna ya saurare su yana rubuta kowace tambaya yadda aka faɗe ta. Ya kuma ajiye littafi a kan teburin shagon yana rubuta abin da ake tambaya baki da baki.

Da aka tattara, sai aka ga tambayoyi ƙalilan ne ke ta dawowa. "Alhaji, ya ake gane ajwa ta gaskiya?" "Baba, nawa ne kilo yanzu?" "Wane dabino ne ba zai lalace ba kafin in kai gida?" "Za a bar ni in shiga jirgi da shi?" "Wanne ya fi dacewa da rabon tsaraba?" Tambayar ƙarshen nan ta tona wani giɓi da babu wanda ya lura da shi. Kusan dukan maƙalolin farko a kan ajwa suke, domin ita ce abin alfaharin Madina kuma ita ce mafi tsada, alhali alhaji yakan sayi ajwa kaɗan ne don kansa da iyayensa, babban cinikinsa kuwa dabinon da zai raba wa dangi da maƙwabta da abokan aiki ne, wanda yake so ya yi araha, ya yi auki, ya kuma jure tafiya. Kalmar "tsaraba" ba ta fito ko sau ɗaya ba a duk abin da aka wallafa a baya, kodayake ita ce dalilin shigar yawancin mutane shagon.

Saɓani a kan maƙalolin magani

Hotunan da suka zo daga Kano sun nuna wani rukunin tambayoyi da ya fi kowanne yawa, wato na neman magani: amfanin dabino ga ma'aurata, dabino da ciwon suga, dabino da sihiri. Matashin ya ga cewa nan ne jama'a suke, ya so ya rubuta maƙala a kan kowace. Ya ce wa dattijon, "Kawu, idan muka bar waɗannan, wasu ne za su kwashe mutanen." Dattijon ya ƙi, yana mai cewa shi mai sayar da dabino ne, bai karanta likitanci ba, kuma ba zai yarda a rubuta da sunan shagon mahaifinsa cewa dabino yana warkar da wata cuta ba.

Sun daidaita a kan maƙala guda. A cikinta aka kawo hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Bukhari da Muslim suka ruwaito a kan falalar cin ajwa bakwai da safe, aka ba wani ɗalibi Bahaushe na Jami'ar Musulunci ta Madina ya duba fassarar, aka kuma faɗa a fili cewa dabino yana da sukari mai yawa, don haka mai ciwon suga ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum. Ba a ƙara komai a kai ba.

Matsayin dattijon na amana ne, amma ko ta fuskar bincike shi ne ya fi daidai. Jagorar da Google ke ba masu tantance ingancin sakamakon bincike tana tsaurara ma'auni a kan batutuwan da suka shafi lafiya da dukiyar mutane, tana kuma duba ƙwarewar marubuci da amincinsa, sannan a watan Disamban 2022 aka ƙara mata sharaɗin sanin abu ta hanyar gogewa da shi kai tsaye. Shagon dabino ba shi da abin tinƙaho a fagen likitanci, amma a fagen bambance ajwa da safawi, wani nau'in dabino mai kama da ita, yana da gogewar da babu ɗan jaridar da ya kai shi. Ban da wannan, mai neman maganin ƙarfin jiki daga Zariya, ko ya karanta maƙalar, a kasuwar garinsu zai sayi dabinonsa. Yawan masu shiga shafi ba ya zama ciniki sai idan niyyarsu ta haɗu da abin da shagon ke iya yi musu.

Yadda aka sake gina maƙala guda

Ƙa'idar da aka ɗauka ita ce kowace tambaya tana da maƙalarta, kowace maƙala kuma tambaya ɗaya take amsawa. Misalin da ya fi bayyana aikin shi ne na tambayar gane ajwa. A da akwai maƙaloli huɗu da duk suke magana a kan ajwa da kusan kalmomi iri ɗaya, suna gogayya da juna a gaban injin, babu wadda ta cika. Aka haɗe su wuri guda, aka karkatar da tsofaffin adireshin zuwa sabon ta hanyar juyawa ta dindindin mai lamba 301, domin kada wanda ya bi tsohon mahaɗi ya tarar da kango.

Taken sabuwar maƙalar shi ne "Yadda ake gane dabinon ajwa na asali a Madina", wato tambayar mai saye ce aka mayar take, kalmomin da suka fi muhimmanci suna kusa da farko, domin a allon waya ana datse dogon take. Sakin layi na farko ya ba da amsar kai tsaye ba tare da doguwar sallama ba: ajwa baƙa ce, ƙarama zuwa matsakaiciya, ta fi kusa da kewayayya, fatarta tana da siraran layuka, zaƙinta kuma ba mai hawa kai ba ne. Ƙananan kanun da suka biyo baya kowanne tambaya ce da aka ji a shagon: bambancinta da safawi, wanda shi ma baƙi ne amma ya fi tsawo ya kuma fi araha, shi ya sa ake ruɗar baƙo da shi, abin da ake nufi da ajwar Aliya, yankin gonakin Madina da aka ambata a hadisi, dalilin da ya sa farashi ke bambanta gwargwadon girman ƙwaya, da yadda ake gane tsohon dabinon da aka shafa wa mai don ya yi sheƙi. Hotunan a shagon aka ɗauke su, ajwa da safawi a tafin hannu ɗaya, kuma a gurbin bayanin hoto aka rubuta abin da ke cikinsa da Hausa a jimla guda. Taƙaitaccen bayanin da ke fitowa a ƙarƙashin take a sakamakon bincike ba ya ɗaga matsayin shafi, amma shi ne mutum ke karantawa kafin ya latsa, don haka aka rubuta shi kamar yadda dattijon zai amsa wa baƙo a tsaye.

Jimlar nema ta fito a take, da sakin layi na farko, da adireshin shafin, daga nan kuma ba a sake ƙirga ta ba. Manhajojin da ake liƙa wa WordPress domin wannan aiki, irin su Yoast, suna kunna fitila kore ko ja gwargwadon yawan fitowar jimlar, kuma matashin ya sha wahala kafin ya yarda cewa ba dole ne ya faranta musu ba, musamman da yake ba su san cewa "dabino" da "dabinon" da "dabinai" abu ɗaya ba ne.

Batun rubutu ya ɗauki muhawara. Masu bincike ba sa amfani da ƙ da ɗ da ɓ, amma maƙalar da aka rubuta babu su tana rage wa kanta daraja a idon mai karatu, wani lokaci ma tana ruɗar ma'ana. Abin da aka tsayar shi ne jikin maƙala ya bi daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa, adireshin shafi ya kasance da haruffa marasa lanƙwasa, sannan idan akwai zaɓi tsakanin jimloli biyu masu ma'ana ɗaya, a fifita wadda ba ta da harafi mai lanƙwasa a take. Haka nan aka zaɓi Makka da Madina da umra a matsayin rubutun gida, ba a kuma buɗe shafi daban ga kowane salon rubutu ba, domin hakan komawa ne ga tsohuwar cutar ta wata ƙofa.

A kan wannan tsari aka rubuta sauran. Maƙalar tsaraba ta kwatanta safawi da mabrum da khudri ta fuskar araha da juriya, ta yi gargaɗi cewa sukkari mai laushi, wanda yankin Ƙasim ya shahara da shi, yana bukatar sanyi, don haka bai dace da akwatin da zai kwana a rana ba. Maƙalar jirgi ta bayyana yadda ake ɗaure kwali, ta kuma tura mai karatu ya duba nauyin kayan da tikitinsa ya ba shi, tunda kamfanonin jirage sun bambanta. Kowace maƙala tana da mahaɗi zuwa 'yan'uwanta, kuma kalmomin mahaɗin suna faɗar abin da za a tarar a can maimakon "latsa nan".

Lokaci da farashi

Kasuwar shagon tana bin watan Musulunci ne, wanda shekararsa ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Azumin 2024 ya fara a Saudiyya ranar 11 ga Maris, na 2025 kuma ranar 1 ga Maris. Tsayuwar Arfa ta kama 15 ga Yuni a 2024, sannan 5 ga Yuni a 2025. Tunda sabon shafi yana ɗaukar lokaci kafin injin ya karanta shi ya ba shi gurbi, maƙalar da aka wallafa a daren farko na azumi ta makara. Aka mayar da al'ada cewa gyaran maƙalolin azumi yana kammala a Rajab, na hajji kuma a Shawwal.

Tambayar farashi ita ce ta fi kowace jawo masu niyyar saye, ita ce kuma ta fi saurin tsufa. Dattijon bai so a rubuta farashi ba sam, saboda ciniki a wurinsa magana ce tsakanin mutum biyu. Aka shawo kansa da cewa maƙalar da takenta ya yi alkawarin farashi amma cikinta babu shi, mai karatu zai fice nan take ya koma wani wuri. Aka rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girman farashin kowane nau'i da riyal, tare da ranar da aka sabunta. Ba a juya shi zuwa naira ba, domin riyal a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 tun 1986, naira kuwa bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, a wancan lokacin lissafinta na wata guda ba ya kai wata na gaba.

Abin da ya biyo baya

Watannin farko babu abin a zo a gani, kuma hakan bai saɓa wa abin da aka sani ba, domin shi kansa Google ya taɓa bayyana cewa irin wannan aiki yakan ɗauki wata 4 zuwa shekara guda kafin a ga amfaninsa. Alamar farko ita ce ƙaruwar bayyanar shafin a Search Console a kan dogayen tambayoyi, latsawa kuma ta biyo baya a hankali. Maƙalar gane ajwa da ta tsaraba su ne suka fara hawa shafin farko na sakamako. A kan kalmar "dabino" ita kaɗai kuwa shagon bai taɓa kusantar sama ba, domin manyan kafafen yaɗa labarai na Hausa da Wikipedia sun riga sun zauna a wurin, kuma babu dalilin ɓata ƙarfi a kai, tunda wanda ya rubuta kalma ɗaya tak ba a san ko saye yake so ko aikin makaranta yake yi ba.

Domin a san ko maƙalolin suna kawo ciniki, aka sa wa kowace maɓallin WhatsApp mai ɗauke da rubutaccen saƙon da ya ambaci sunan maƙalar, ta yadda duk saƙon da ya shigo yana faɗar ƙofar da ya biyo. Ta haka aka gano cewa maƙalar hadisi ta fi kowace yawan masu karatu amma saƙonta kaɗan ne, maƙalar tsaraba kuwa masu karatunta ba su kai ba amma ita ce ke kawo masu sayen kwalaye, har da jagororin ayarin umra da ke saya wa jama'arsu gaba ɗaya.

Akwai iyakokin da aikin bai tsallake ba. Kaso mai yawa na masu sayen shagon, musamman dattawa da mata, sun fi sauraro da kallo a kan karatu, kuma a TikTok da Facebook suke neman bayani, shi ya sa aka fara mayar da kowace maƙala gajeren bidiyon da dattijon ke magana a ciki, da take iri ɗaya. A ƙarshen 2024 Google ya sanar da shigar da Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da murya da su, abin da ke ƙara wa jimlolin baka nauyi, irin waɗanda aka kwaso daga saƙonnin murya. A ɗaya ɓangaren kuma, tun watan Mayun 2024 injin ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamakon wasu tambayoyi, wanda ke nufin mai tambaya yana iya samun abin da yake so ba tare da ya shiga shafin kowa ba. Sannan alhajin da ya riga ya iso Madina taswira yake buɗewa, ba maƙala ba, don haka sai da aka yi wa shagon rajista daban a taswirar Google, da sunansa da Larabci da boko, da lokutan buɗewa.

A lokacin da ake haɗa wannan nazari, Search Console ta fara nuna wani sabon rukunin tambayoyi daga Nijar, waɗanda aka rubuta Hausarsu da salon Faransanci, irin su "oumra" da "adjwa". Matashin ya kawo shawarar a kwafi manyan maƙalolin a sake wallafa su da wannan salo, aka ƙi saboda zai haifar da tagwayen shafuka masu gogayya da juna. An tsaya a kan cewa za a rubuta maƙalar tsaraba da ta farashi da Faransanci, a hannun wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a Madina, a kuma kammala su kafin Rajab.